Koyon gyaran injin iska a kwalejojin al'umma na Amurka: me ake koya, kuma wace za a zaɓa?

Tambayar da aka yi ita ce: "Ina zaune a Amurka da takardar zama ta dindindin. Na gama sakandare a gida, yanzu ina aikin loda kaya a sito. Na ji ana koyar da gyaran manyan injinan iska masu ba da lantarki a kwalejojin al'umma. Me ake koya, shekara nawa ake yi, nawa ne kuɗin, kuma ta yaya zan gane makarantar kirki? Ƙanena da ke gida ma yana son ya zo ya yi."

Ɗan'uwa, kafin komai ka riƙe wannan: yawancin masu shiga sana'ar nan hawan hasumiya ne ke ba su tsoro, alhali abin da ke raba ma'aikacin da ake riƙewa da wanda ake sallama shi ne ilimin lantarki da iya gano inda matsala take. Hawa, mai lafiya yana sabawa da shi cikin 'yan makonni. Karanta zanen wayoyi, bin layi daga na'urar sarrafawa har zuwa sensa, gane dalilin da ya sa inji ya tsaya, wannan kam sai an zauna an koya, kuma don shi ake biyan kuɗin makaranta. Duk makarantar da za ka duba, da wannan ma'aunin za ka auna ta.

Kwalejin al'umma makaranta ce ta gwamnatin jiha ko ta gunduma, karatunta bai wuce shekara biyu ba, kuɗinta kuma ya fi na jami'a sauƙi nesa ba kusa ba. A fannin injin iska, hanya uku ce a gabanka. Akwai gajeren horo na 'yan makonni zuwa wata shida. Akwai takardar shaida ta shekara guda, mai kiredit (ma'aunin yawan darussan da ɗalibi ya kammala) talatin da wani abu. Sai kuma digirin shekara biyu da ake kira AAS, mai kiredit sittin zuwa saba'in, wanda ya yi kusa da abin da ake kira difiloma a Najeriya.

Iowa Lakes Community College da ke garin Estherville a jihar Ayowa ita ce ta buɗe wannan fage a 2004, kuma tana da injinta na kamfanin Vestas mai megawat 1.65 wanda ɗalibai ke hawa. Mesalands Community College a Tucumcari, jihar Niyu Meksiko, ta kafa injin kamfanin GE mai megawat 1.5 a 2008 a harabarta domin koyarwa. A Kansas akwai Cloud County Community College a Concordia. A Teksas, jihar da ta fi kowace yawan injinan iska, akwai Texas State Technical College a Sweetwater, garin da gonakin iska suka kewaye. Kalamazoo Valley Community College ta jihar Mishigan salonta daban ne: horo ne mai zafi na kimanin wata shida, kullum ana aji tun safe har yamma kamar ranar aiki. Akwai wasu a Wayomin da Nebraska da Dakota ta Arewa. Shirye-shiryen nan sukan canza suna, wata kwalejin ma takan haɗe fannin iska da na hasken rana ko na injinan masana'anta, saboda haka ka kira ofishin ɗaukar ɗalibai ka ji halin da ake ciki a bana kafin ka yanke shawara.

Domin ka gane manhajar, sai ka fara gane injin. A ƙolin hasumiya mai tsayin mita 80, ko fiye da 100 a sababbin injina, akwai ɗakin inji wanda girmansa ya kai motar bas. A gabansa akwai cibiyar da fikafikai uku ke maƙale. Fikafikan nan juyinsu a hankali ne, sau 10 zuwa 20 a minti. Giyabos ne ke ninka wannan juyi kusan sau ɗari, ya miƙa wa janareta mai buƙatar juyi dubu ɗaya da ɗari biyu zuwa dubu ɗaya da ɗari takwas a minti. Janaretan yakan ba da wuta bolt 690, wasu injinan GE kuma 575, sai taransifoma ta ɗaga ta zuwa bolt 34,500, a tattara ta ta ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar gonar. Injin yana fara ba da wuta in iska ta kai gudun mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa, ya cika ƙarfinsa a wajen mita 12, ya tsayar da kansa in ta kai wajen mita 25. Akwai motocin da ke juya ɗakin injin gaba ɗaya ya fuskanci iska, akwai kuma waɗanda ke murza kowane fiffike don ya kama iska ko ya sake ta. Duka wannan kwamfutar sarrafawa ce ke tafiyar da shi, tana kuma aika rahoto ofis ta tsarin da ake kira SCADA. Wasu injinan ba su da giyabos kwata-kwata, janaretan ne ke haɗe kai tsaye da cibiya, amma akasarin waɗanda ke kan tudu a Amurka masu giyabos ne.

Zangon farko yawanci lissafin sana'a ne, da tushen lantarki, da tsaro. A lantarki za a fara da dokar Om, wutar batir da wutar layi, haɗin jere da haɗin reshe, yadda ake riƙe mita a auna bolt da amfiya da turjiyar waya. Kada ka raina lissafin. Ba mai zurfi ba ne, aljabara ce da ɗan lissafin kusurwa, amma wanda ya tsallake shi zai sha wuya in an zo wuta mai fes uku. Akwai kuma wani tarko da ke kama sababbi: injinan Turai da mita, da niyuton-mita (ma'aunin ƙarfin murɗi), da ma'aunin matsi mai suna "ba" suke lissafi, kayan aikin Amurka kuma da ƙafa da fam. Fam-ƙafa ɗaya ya kai niyuton-mita 1.36. Wanda ya ga lamba a littafin inji ya saita ta a sifana ba tare da duba ma'aunin ba, ko dai ya bar noti sake ko ya wuce da shi da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Daga nan sai motoci da na'urorin kunna su, kontakta da rile, haidirolik, giya da boris da daidaita shaf, na'urar sauya wuta, sai kwamfutar sarrafa inji da ake kira PLC. A digirin shekara biyu ana ƙara sadarwar kwamfuta da wayar gilashi, aikin tashar wuta, rubuta rahoto, da horon sanin makamar aiki a lokacin hutun bazara. Wannan horon na bazara kada ka yi wasa da shi, ta nan kamfanoni ke zaɓen waɗanda za su ɗauka.

Bari in nuna maka aiki guda daga farko zuwa ƙarshe, don ka ga abin da makarantar kirki ya kamata ta iya koya maka. A ce da asuba inji ya tsaya, SCADA ta nuna matsala a fiffike na biyu. Fikafikan nan su ne babban birkin injin: in aka murza su zuwa kusan digiri 90, sai iska ta wuce ba ta tura su. Saboda haka kowane fiffike yana da wutar ajiya tasa, batir ko manyan kafasita (na'urorin da ke ajiye wuta) a injina masu motar lantarki, ko tukunyar matsi a masu haidirolik, yadda ko wutar layi ta ɗauke zai iya komawa wurin tsira. Wanda bai ƙware ba abin da yake yi shi ne ya share lambar matsalar ya sake kunnawa, ya maimaita, har ƙaramar matsala ta zama babba. Ƙwararre yakan fara karanta tarihin lambobin, domin matsala ɗaya kan jawo lambobi biyar a bayanta, kuma ta farkon ce mai gaskiya. Yakan duba zafin gari da ƙarfin iska a lokacin da abin ya faru. Sannan ya buɗe zanen wayoyi tun yana ƙasa, ya ɗebi kayan da zai buƙata, don kada ya hau mita 80 ya tarar ya manta fis guda.

Da isarsu gindin hasumiya, su biyu ne aƙalla, ba a hawa mutum ɗaya. Za su sanar da ofis, su karɓe ikon injin daga nesa zuwa hannu, don kada wani ya kunna shi suna ciki. A sama za su taka birki su zura sandar kulle cibiya, kuma kowane kamfani yana da iyakar ƙarfin iskar da ya yarda a shiga cibiya a cikinta. Sai a kashe wuta, kowane ma'aikaci ya rataya kwaɗonsa da katin sunansa a kan makunnin. Bayan haka a gwada mita a kan wuta mai rai, a auna inda za a taɓa, a sake gwada mitar, don a tabbatar ba mitar ce ta mutu ba. A nan ake samun haɗari mafi muni: kashe makunni ba ya kashe batir, kafasita kuma tana riƙe wuta bayan an kashe komai. Dole a jira mintocin da littafin injin ya faɗa, a auna, sannan a sa hannu. Sai bincike: shin bolt 24 na sarrafawa yana isowa? Zoben da ke ratsa wuta da saƙo daga ɗakin inji zuwa cibiya mai juyawa ya yi datti ko burushinsa ya cinye? Wayar na'urar ƙirga kusurwar fiffike ta saki saboda girgiza? Batir kuma ba a yanke masa hukunci da auna shi a zaune, domin mataccen batir kan nuna cikakken bolt har sai an ɗora masa nauyi. Shi ya sa irin wannan matsala ta fi yawa a hunturu, sanyi yana rage ƙarfin batir, wanda ya tsufa sai ya faɗi a gwajin da injin ke yi wa kansa.

In makaranta tana da allon gwaji da malami zai ɓoye matsala a ciki, ya ba ka zane da mita ya ce nemo, to ana koyar da sana'ar. In allon majigi ne kawai da hotuna, kuɗinka za ka zubar.

Ɗaurin noti ma ilimi ne mai zaman kansa, ko da yake mutane na ganinsa aikin ƙarfi. A kowace mahaɗar hasumiya akwai manyan notuna masu yawa, sau da yawa fiye da ɗari. Abin da ake nema shi ne kusar ta miƙe daidai gwargwado ta matse ƙarafan biyu, amma kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin murɗin da kake sawa gogayya ce ke cinye shi. Ma'anarsa, in littafi ya ba da lamba ta busasshen noti kai kuma ka shafa masa mai, to ka ja shi fiye da kima, wata rana ya tsinke. In ya ce a shafa ka bari a bushe, ya fito sake, girgiza ta gajiyar da shi. Ana ɗaurewa da sifanar haidirolik mai matsin da ke kai 700 a ma'aunin "ba", ko da na'urar da ke jan kusar ta miƙar da ita kafin a zaunar da notin. Ana bin tsari na tsallake-tsallake, ba a bi a jere, a yi wa wanda aka gama alama da fenti, a rubuta lambar sifanar da ranar da aka daidaita ta. Hannun da sifanar ke tokarawa da shi ya cinye yatsun mutane da yawa, kuma tiyon haidirolik mai ɗan huji yana iya harba mai ya shige ƙarƙashin fata. Raunin yakan yi kamar tsinin allura, amma na tiyata ne cikin gaggawa.

Giyabos shi ne abin da ya fi cin kuɗi in ya lalace, domin sauya shi sai an kawo babban kuren. Don haka rabin aikin kulawa na kare shi ne. Yana shan mai lita ɗaruruwa, mai kauri, yawanci mai lamba 320. Ana ɗibar samfurin man lokaci-lokaci a kai ɗakin gwaji a duba ɓurɓushin ƙarfe da ruwa, a sauya filta, a duba abin shan danshi na bakin numfashinsa wanda launinsa ke canzawa in ya ƙoshi, a zura kyamarar tiyo a duba haƙoran giya da boris. Boris na ɓangaren da ke gudu da sauri ne ya fi saurin tsagewa. In janareta da giyabos ba su daidaita a layi ɗaya ba, girgiza ce ke kashe shi, shi ya sa ake koyar da daidaita shaf da na'urar leza. Giris ma yana da ƙa'ida: in ya yi yawa boris ya yi zafi ya fasa robar toshiya, in aka gauraya iri biyu da ba sa jituwa sai ya tsinke ya zube ko ya daskare. Fikafikai kuwa tsininsu na gudun kusan mita 80 a daƙiƙa, ruwan sama da ƙura suna cin bakinsu, tsawa kuma na sauka a kansu. Gyaransu wani reshe ne daban na masu aiki da igiya da ƙaro da zaren gilashi, ba kowace kwaleji ke zurfafawa a ciki ba.

Yanzu batun tsaro da takardunsa, domin a nan ake yawan ruɗar ɗalibai. Ƙungiyar GWO, wadda manyan kamfanonin iska suka kafa a 2012 kuma take Denmak, ita ke tsara horon da akasarin kamfanoni ke nema. Na tsaro, BST, ya ƙunshi aiki a sama, taimakon farko, ɗaukar kaya, da sanin gobara, sai tsira a teku ga masu aikin cikin ruwa. Wata 24 yake yi ya mutu, sai an sabunta. Na fasaha, BTT, ya ƙunshi kanikanci da lantarki da haidirolik. Ana shigar da sakamakon a rumbun da ake kira WINDA, inda kowane kamfani zai iya dubawa. Ka tambayi makaranta kai tsaye: ku cibiya ce da GWO ta amince da ita, ko dai kuna koyarwa ne irin nata? Da bambanci. Ka kuma tambayi lokacin da ake ba da shi, domin in an ba ka BST a zangon farko na digirin shekara biyu, zai kusa mutuwa daidai lokacin da kake neman aiki. Rashinsa ba ya hana ɗauka, kamfanoni da yawa su ke biya wa sabon ma'aikaci, amma mai shi yana gaba. Bayan wannan akwai katin horon awa 10 na OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, da horon haɗarin fashewar wuta bisa ƙa'idar NFPA 70E.

A horon hawa za ka koyi duba ɗamarar tsaro zare-zare kafin sawa, amfani da igiya mai ƙafa biyu yadda ba za ka taɓa zama a kwance ba ko daƙiƙa ɗaya, maƙala na'urar kama faɗuwa a jikin wayar tsani, da ɗaure kowane kayan aiki da igiya, domin sifana in ta faɗo daga mita 80 kisa take yi. Za ka koyi saukar da kanka ta wajen hasumiya in gobara ta tashi, da ceto abokin aiki. Ceton nan ba na nuni ba ne. Mutumin da ya faɗi ya rataye a ɗamara, jini na taruwa a ƙafafunsa, cikin mintoci yana iya suma, gonar iska kuma nesa take da gari, motar asibiti ba za ta hau hasumiya ba. Wanda ke kusa da shi ne zai sauko da shi.

Jikinka ma akwai sharaɗi. Yawancin kayan kama faɗuwa an ƙera su ne don nauyin da bai wuce fam 310 ba, wato kusan kilo 140, har da kaya da takalma, saboda haka kamfanoni na sa iyakar nauyin jiki ƙasa da haka. Za a so ka iya ɗaga fam 50, wajen kilo 23. Wasu kamfanonin sukan sa gwajin hawa a cikin tantancewa. Lasisin tuƙi mai tsabta wajibi ne, ana kuma gwajin ƙwaya, ko da a jihar da ta halatta wiwi. In kana da ciwon zuciya, farfaɗiya ko jiri, ka ga likita kafin ka biya ko sisi. In da hali, ka roƙi makaranta ta bar ka ka hau hasumiyar gwajinta kafin rajista.

Kuɗi kuma, matsakaicin kuɗin karatu na kwalejin al'umma ga ɗan yankin ya kai wajen dala 4,000 a shekara, ban da masauki da abinci da littattafai da kayan aiki. Wanda ya fito daga wata jiha ana cajinsa fiye da haka, a wasu wuraren ninki biyu. Kafin a ɗauke ka ɗan jiha sai ka zauna wani lokaci, a Teksas shekara guda, wasu jihohin ƙasa da haka, don haka wani lokaci ya fi riba ka koma can ka yi aiki tukuna sannan ka yi rajista. Tunda kana da takardar zama ta dindindin, ka cike fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya. Tallafin Pell, wanda ba bashi ba ne, iyakarsa ta kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, kuma ga mai ƙaramin albashi yana iya rufe kuɗin karatun. Sai dai ka lura, gajerun kwasa-kwasan da ba su da kiredit galibi ba sa shiga wannan tallafi, ka tambaya a rubuce. Takardar sakandarenka ta gida wata kwalejin za ta karɓa yadda take, wata za ta ce a kai wa hukumar tantance takardun waje irin su WES. Za a iya yi maka gwajin lissafi da Turanci don a san ajin da za ka fara. Ka kuma tabbatar kwalejin tana da amincewar hukumar tantance makarantu, in ba haka ba kiredit ɗinka ba zai bi ka jami'a ba.

To wace hanya cikin ukun? In kana da tushen lantarki ko kanikanci, gajeren horo ko takardar shekara guda ta ishe ka shiga. In daga sito za ka taso ba ka taɓa riƙe mita ba, ra'ayina digirin shekara biyu ne, ko aƙalla takardar shekara guda a kwalejin da za ta bar ka ka ɗora a kai daga baya. Gajeren horo yana kai mutum bakin aiki da sauri, amma sau da yawa aikin shafa giris da ɗaurin noti da goge mai yake tsayawa, ya daɗe kafin a ba shi bincike. Gwiwa da kafaɗa kuma ba sa jure hawa har abada. Mai ilimin lantarki da PLC, ranar da ya gaji da hawa, yana da wurin zuwa: tashar wuta, gonar hasken rana, rumbun batir, masana'anta, ko ɗakin sa ido.

Wannan yana da muhimmanci saboda yadda ake tallata sana'ar. Ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka ya sa matsakaicin albashinta a dala 61,770 a shekara a watan Mayun 2023, ya kuma yi hasashen za ta ƙaru da kashi 60 cikin 100 daga 2023 zuwa 2033. Makarantu na son wannan lamba. Abin da ba sa cika faɗa shi ne sana'ar ƙarama ce, ma'aikata wajen dubu goma sha ɗaya ne a lokacin, guraben da ake sa ran buɗewa a shekara kuma dubu biyu da kaɗan. Sabon shiga yana farawa ƙasa da matsakaicin, abin da ke ɗaga kuɗinsa shi ne aikin da ya wuce awa 40 a mako, wanda ake biya ninki ɗaya da rabi, da alawus ɗin tafiya ga masu yawo daga gona zuwa gona. Siyasa ma tana taɓa ta: dokar da aka sa wa hannu a watan Yulin 2025 ta gajarta wa'adin rangwamen haraji ga sababbin gonakin iska, abin da zai fi shafar aikin gini. Amma injina fiye da dubu saba'in da ke tsaye a ƙasar, masu ba da kusan kashi 10 cikin 100 na wutarta, a Ayowa ma fiye da rabi, suna buƙatar kulawa ko an gina sababbi ko ba a gina ba, kuma tsufansu ƙara aiki yake yi. Masu ɗauka su ne masu ƙera injin irin su Vestas da GE Vernova da Siemens Gamesa da Nordex, masu gonakin irin su NextEra da MidAmerican, da 'yan kwangilar gyara.

In ka je ziyarar makaranta, ka nemi ganin ɗakin gwaji da idonka. Ka tambayi ko suna da inji mai aiki ko ɗakin inji da aka sauke ƙasa, sau nawa ɗalibi ke hawa a zango, ɗalibai nawa ke raba allon gwaji ɗaya, shekara nawa malaman suka yi a fili kafin su shigo aji, waɗanne kamfanoni ne suka ɗauki 'yan ajin bara, kuma cikin waɗanda suka fara nawa suka gama. Makarantar da ke ce maka kowa na samun aiki amma ta kasa faɗin adadin waɗanda suka watsar a hanya, ka yi hattara da ita.

Wani abin da ba ya cikin takardar talla: gonakin iska a karkara suke, garuruwan ƙanana ne, masallaci da naman halal na iya zama tafiyar awa ɗaya ko biyu. Hunturun Ayowa da Dakota mai tsanani ne, ɗakin inji kuma a bazarar Teksas zafinsa ya fi na waje. In azumi ya faɗo a irin wannan lokaci, ka yi magana da shugaban aikinka tun da wuri a kan jadawali, ka kuma nemi fatawar malami, domin ƙishirwa a saman hasumiya haɗari ce gare ka da abokin hawanka.

Batun ƙanenka ya sha bamban da naka. Zai buƙaci kwalejin da gwamnati ta yarda ta ba da takardar I-20 ta karɓar ɗalibin waje, bizar karatu ta F-1 ko ta sana'a M-1, da shaidar kuɗin shekara guda a banki. Ba shi da rabo a Pell, kuma kuɗin baƙi zai biya. Bayan digirin shekara biyu a F-1 izinin aikin da yake samu wata 12 ne, a M-1 kuma bai wuce wata shida ba, bizar ƙwararru ta H-1B kuwa digirin shekara huɗu take nema. Ga shi tun 2025 an taƙaita biza ga 'yan ƙasashen Afirka da dama, sai ya duba halin ƙasarsa a ofishin jakadanci kafin ya kashe komai. Aikin iska a gida ma kaɗan ne: tashar Lambar Rimi a Katsina megawat 10 ce, manyan gonakin nahiyar suna Masar da Maroko da Afirka ta Kudu da Kenya da Habasha da Senegal. Abin da ya fi masa shi ne ya yi difilomar lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha a gida, ya ƙware a motoci masu fes uku da PLC da aikin sola, in ya samu hali ya yi horon GWO a cibiya mai lasisi, domin takardar tana aiki a kowace ƙasa da kamfanonin nan suke.

Kai kuma, kafin zango ya fara, ka sayi mitar auna wuta mai darajar tsaro ta CAT III, ka fara bitar lissafi da dokar Om, ka riƙa hawa matakala da jaka mai nauyi a baya sau uku a mako. Takalmi mai ƙarfen baki da hular kwano kada ka saya sai ka ga jerin da makarantar ta bayar, domin hular hawa mai igiyar haɓa ce, ba irin ta masu gini ba.